Ta ce "bok" a kan miyata, ni kuma na yi mata godiya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce da 'ya ɗaya. A 2023 muka zo Gilasgo ta ƙasar Sikotland. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, awa 12 nake yi a tsaye, kuma maigidana da 'yarmu a kan bizata suke zaune. Wata rana na ɗumama tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗakin hutun ma'aikata, sai wata abokiyar aikina 'yar garin, wadda na girme ta nesa ba kusa ba, ta shigo ta yi wata magana da sauri. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne "bok". Da Turanci na yi karatu har jami'a, amma ban taɓa jin kalmar ba. Ganin tana dariya sai na ɗauka yabon ƙamshin take yi, na ce mata na gode, har na miƙa mata cokali ta ɗanɗana. Ɗakin ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ce kawai, wata dattijuwa, ta sunkuyar da kai ta fita. Sai da na koma gida na tambayi 'yata mai shekara 9, ta ce min ai amai ake nufi. Anti, a daren nan ban runtsa ba.

Bayan nan ta sake yi sau biyu. Da na shigo da kwanona sai ta toshe hanci ta yi kamar za ta yi amai, ta faɗi kalmar. Na ƙarshen ma shinkafa da wake ce da mai da yaji, ko daddawa babu, kuma ban ma buɗe kwanon ba. Yanzu na daina zuwa da abinci, biskit nake ci a waje cikin sanyi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne makon jiya na zuba wa 'yata miyar kuka, ta yatsina fuska ta faɗi wannan kalmar. Babanta ya daka mata tsawa, ta shige ɗaki ta kwana ba ta ci komai ba. Shi maigida cewa yake in yi haƙuri, neman abinci muka zo, kada in kai ƙara a kore ni mu rasa takardu. Mene ne ainihin ma'anar kalmar nan? Zagi ce? Wariya ake nuna min ko ni ce na ɗauki abin da zafi? Kuma yaya zan yi da yarinyar nan?

'Yar'uwarku a Gilasgo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki sauke kunyar godiyar nan da kika yi, don na lura ita ce ta fi ci miki rai, ita ta hana ki barci. An yi miki magana da fara'a, kika kyautata zato, kika miƙa abinci ga wadda ta same ki kina ci, kamar yadda aka tarbiyyantar da ke a gida. Ba ki yi abin kunya ba ko kaɗan. Waɗanda suka san abin da aka ce, suka bar ki a duhu suna dariya, su ya kamata dare ya yi wa tsawo.

Rashin sanin kalmar ma ba gazawarki ba ce. Ana rubuta ta boak, wasu su rubuta boke, ana jan wasalin tsakiya wajen faɗa. Ba ta cikin Turancin da aka koya mana a makaranta, ba za ki ji ta a labaran rediyo daga Landan ba, kuma Turawan kudancin Ingila da yawa ba su san ta ba. Ta fito ne daga Scots, harshen da ya tashi daga tushe ɗaya da Ingilishi amma ya kama hanyarsa a Sikotland. A ƙidayar 2011 mutum kusan miliyan 1.5 suka ce suna iya magana da shi, kuma a Gilasgo ya gauraye da Turancin yau da kullum ta yadda mai magana ba ya ma lura ya fita daga wannan ya shiga wancan. Ana jin kalmar kuma a Arewacin Ailan. Asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin gyatsa, daga baya ta koma amai. 'Yarki ta faɗa miki gaskiya, sai dai abin da ta fi nufi shi ne kakarin amai, wato lokacin da zuciya ta tashi maƙogwaro ya fara yunƙuri. Ina kyautata zaton jimlar da ta wuce miki da sauri ita ce "gies me the boak", ma'ana "yana tayar min da zuciya". In suna son ƙara wa abin nauyi sai su ce "dry boak", kakarin da ake ta yi babu abin da ya fito.

Ba ashar ba ce, babu ambaton iyaye a ciki, yara ma suna faɗinta a gaban manya. Suna amfani da ita a kan bolar da ta kwana, ko madarar da ta lalace, ko wanda ya sha giya jiya ya tashi da tashin zuciya, har masoya biyu in sun cika zuba kalaman soyayya a gaban jama'a wani zai ce sun ba shi boak. Amma maganar titi ce da ta tsakanin abokai. Ba a rubuta ta a takardar aiki, ba a faɗa wa baƙo, kuma a Gilasgon ma duk mai tarbiyya ya san ba a faɗinta a kan abincin da wani ke ci. Tana da 'yan'uwa da za ki ci karo da su, gara ki san su tun yanzu: mingin, boggin da bowfin, duk suna nufin abu mai wari ko ƙazanta. Ki san su don kada a sake bar ki a duhu, amma ke kada ki ɗauke su a bakinki a wurin aiki, musamman a gaban tsofaffin da kike kula da su, don ma'aikaciyar da aka ji ta faɗi irin wannan tana gyara wa tsoho jiki za ta iya shiga matsala.

Kin tambaya ko zagi ce. Kalmar kamar tsaki take a wurinmu. Wadda ta yi tsaki don ƙuda ya faɗa mata a kunu ba ta zagi kowa ba, wadda ta kalli fuskarki ta yi shi kuwa ta gama faɗin abin da ke ranta. Saboda haka ni ba kalmar nake dubawa ba, ina duba inda aka nufa da ita. A rana ta farko zan iya yi wa yarinyar nan uzuri na rabi. Ta shigo ƙaramin ɗaki, hancinta ya haɗu da abin da bai taɓa ji ba, bakinta ya riga hankalinta. Rashin tarbiyya ne, amma ba lallai ƙiyayya ba ce. Da ta ga kin miƙa mata cokali da zuciya ɗaya, nan ne ya kamata ta ji nauyi ta nemi afuwa, ba ta yi ba. Rana ta biyu ta riga ta san abin da take yi. Rana ta uku kuwa ita ce ta raba gardama: shinkafa da wake a rufaffen kwano ba ta da wani wari da zai kai hancin kowa. A ranar ba abinci take wa ba, ke take wa, kuma tana yi ne don ta samu masu dariya. Ba ki ɗauki abin da zafi ba. Ko a zuciyarta tana kiran abin wasa, wasan da ya kori mace daga ɗakin hutu ya mai da ita cin biskit a waje ya tashi daga wasa.

Ƙyamar abincin da mutum bai saba da shi ba halitta ce, ba laifi ba. Kin san ƙissar damo da aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ɗakin Nana Maimuna. Ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba, bai muzanta shi ba. Kuma Abu Huraira ya ruwaito cewa bai taɓa kushe wani abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna abokiyar aikinki da shi. Ba a ce sai ta so miyar kuka ba. Tana da damar ta fita, ko ta buɗe taga, ko ta same ki a gefe ta ce ƙamshin ya yi mata ƙarfi. Ke ma da za a ajiye miki tsiran jinin da suke soyawa da karin safe, na san zuciyarki za ta motsa, kuma na san ba za ki toshe hanci a kan mai ci ba. Balle ke da ita aikinku ɗaya: kullum kuna kwashe amai da bayan gidan iyayen wasu ba tare da kun bari fuskarku ta nuna ba. Wadda ta iya danne ƙyamarta a gaban tsoho ta iya danne ta a gabanki in ta ga dama.

Sai dai zan faɗa miki wata gaskiya a matsayina ta yayarki. Daddawa tana da ƙarfi. Kalwar ɗorawa ce da aka dafa aka rufe ta kwanaki ta ruɓa ruɓar gyara, kuma wannan ruɓar ce ke ba ta ɗanɗanon da muke so, ita ce kuma ke fitar da ƙamshin da mu muka daina ji saboda sabo. In aka saka ta a na'urar ɗumama abinci a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, takan cika wuri ta daɗe ba ta fita ba. Su kansu 'yan ƙasar suna samun saɓani da junansu a kan wanda ya ɗumama kifi a wurin aiki. Addininmu ma ya san haƙƙin hancin jama'a, tunda an ce wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci. To ki sayi kular abinci mai riƙe zafi sosai, ki zuba tuwonki da miyarki da zafinsu tun daga gida, ki huta da na'urar gaba ɗaya. Yawancin ƙamshin a wajen ɗumamawa yake tashi. Ba don ita za ki yi haka ba, za ki yi ne don ki ci abincinki hankali kwance, kuma don in magana ta kai gaban manaja babu wanda zai ce ba ki yi naki ƙoƙarin ba. Amma kada ki daina zuwa da abincin gida, kuma kada ki ji ƙasƙanci a kansa. Wani abin da zai ba ki mamaki, sunan da masana tsirrai na duniya ke kiran dangin itacen ɗorawa da shi, Parkia, wani masani ɗan Sikotland mai suna Robert Brown ne ya raɗa shi a 1826, don tunawa da ɗan ƙasarsu Mungo Park wanda ya rasu a kogin Kwara wajen Bussa a 1806.

Cin biskit a waje kuwa ki daina shi daga gobe. Mace mai ɗaga tsofaffi da juya su a gado awa 12 ba za ta rayu a kan biskit ba, ga sanyin Gilasgo da a watan Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Ciwon ciki da jiri za ki jawo wa kanki, ranar da kika yanke jiki kika faɗi kuma ba ita za ta yi jinyarki ba. Dokar aiki ta ƙasar ta ba duk wanda ke aikin da ya wuce awa 6 hutun aƙalla minti 20, ɗakin hutun nan kuma naki ne kamar yadda yake nata. Duk ranar da kika ci a waje, tabbatar mata kike yi cewa abin da take yi yana aiki.

Abin da nake so ki fara yi shi ne ki ɗauki ɗan littafi a gida ki rubuta abin da ya faru sau ukun nan: kwanan wata gwargwadon yadda kike tunawa, lokaci, abin da ta ce, abin da ta yi da hannu da fuska, abincin da kika zo da shi, da waɗanda ke wurin. Ki rubuta har da cewa kin daina cin abinci a ɗakin saboda haka. Kada ki ɗauki muryar kowa ko hotonsa a ɓoye da waya, a gidan kula da tsofaffi wannan zai iya juyowa kanki. Bayan nan ki nemi dattijuwar nan da ta sunkuyar da kai ta fita. Fitar da ta yi magana ce. Ki gaishe ta, ki ce mata kin lura ranar nan ba ta yi dariya ba kuma kin gode, ki tambaye ta ko haka yarinyar take yi wa kowa. Amsarta za ta haska miki abu mai muhimmanci: in halinta ne da kowa, rashin kunya ce ke damunta, in kuwa baƙi kaɗai take yi wa, kin san abin da kike fuskanta. Kuma kin samu shaida, wataƙila har da abokiyar cin abinci.

Sannan ki samu ita yarinyar ku biyu, ba a ɗakin hutu ba, ba a gaban masu yi mata dariya ba, don mai irin wannan hali a gaban jama'a take samun ƙarfi. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki kalle ta ki ce yanzu kin san ma'anar abin da take faɗa, ya ɓata miki rai, kuma kina so ta daina daga yau. Ki ƙara da cewa in wani ƙamshi ya dame ta, ta faɗa miki kai tsaye kamar yadda manya ke yi, za ki saurare ta. Mutanen Gilasgo sun shahara da barkwanci mai kaifi da tsokanar juna, saboda haka kusan tabbas za ta ce wasa take yi. Kada ki tsaya gardamar ko wasa ne ko ba wasa ba. Ki ce kin ji, amma ke ba ki ɗauke shi wasa ba, kuma yanzu ta sani. Ki juya ki tafi, ki rubuta ranar a littafinki. Kada ki rama da kushe abincinsu, don da kin yi haka magana ta koma faɗan mutum biyu, ke kuma kin zubar da gaskiyarki. Da yawa irinta a nan suke tsayawa, don ba su taɓa zaton wadda suke tsokana za ta tsaya ta yi magana a nutse ba. In kin ji ba za ki iya fuskantarta ke kaɗai ba, ki roƙi dattijuwar ta tsaya kusa, ko ki je wurin shugabar da ke kula da aikinku ki ce ba ƙara kika kawo ba, so kike ta ja mata kunne.

In ta sake bayan haka, sai ki rubuta wa manaja ta imel, don ya zama akwai shaidar ranar da kika sanar. A nan ki san cewa doka tana bayanki. Dokar daidaito ta 2010, wadda suke kira Equality Act, tana aiki a Sikotland, kuma ta hana cin zarafi a wurin aiki saboda launin fata ko ƙasar asali ko ƙabila. Abin da dokar ke dubawa ba niyyar mai yi kaɗai ba ce, har da tasirin abin: ya zubar wa mutum mutunci, ko ya mai da masa wurin aiki wurin wulaƙanci? Cewa wasa ne ba ya wanke mai yi. Ba a kuma buƙatar sai kin yi wasu shekaru a aiki kafin dokar ta kare ki, ba ta kuma ware mai biza. Ban da wannan, ke da ita duka kuna ƙarƙashin hukumar SSSC mai yi wa ma'aikatan kula da mutane rajista a Sikotland, kuma ƙa'idojinta sun wajabta girmama abokan aiki, sun hana nuna musu bambanci. Manaja mai hankali ya san wannan, ba zai so ƙaramar magana ta girma ba. In an kira zaman sauraron ƙorafi kina da damar zuwa da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. In ba ki cikin ƙungiya, irin su Unison ko GMB, ki shiga yanzu, kada ki jira sai wuta ta kama. Hukumar Acas, mai sasanta rikici tsakanin ma'aikata da masu ba su aiki, tana ba da shawara kyauta ta waya, haka ofisoshin ba jama'a shawara na Citizens Advice. Ki tambaye su wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata tun da wuri, don gajere ne, wanda aka saba aiki da shi wata uku ne ba kwana ɗaya, kuma sai an fara bi ta Acas. Ba cewa nake ki je kotu ba, ina fatan ba za a kai kusa da nan ba. So nake ki yi magana kina sane da inda ƙafarki take.

Maigidanki kuma kada ki ga baƙinsa. Tsoronsa yana da tushe. Wanda ke kan irin bizarki in aikinsa ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, kuma tun watan Yuli na 2025 aka rufe ɗauko sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, abin da ya sa kowa ke riƙe da nasa da hannu biyu. Namijin da zamansa da na 'yarsa ke rataye da takardar matarsa yana ɗauke da wata damuwa da ba lallai ya furta ba. Amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Cewa abokiyar aiki ta daina abu ba kai ƙara ba ne, kuma ko an kai ga ƙarar, dokar da na ambata ta hana a hukunta ma'aikaci don ya yi ƙorafin wariya da gaskiya. Na san abin da ke rubuce ba ya hana mugun mai kamfani neman wata hanya, shi ya sa na ce ki bi a hankali, mataki bayan mataki, da rubutu da shaida da ƙungiya. Ki zauna da shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa littafin, ki faɗa masa abin da za ki yi da abin da ba za ki yi ba, ki yi masa alkawarin ba za ki aika wa manaja komai ba sai kun karanta tare. Ki kuma faɗa masa a fili cewa kin yi makonni ba kya cin abinci a wurin aiki. Ina zaton bai san abin ya kai haka ba. Haƙurin da yake nema a wurinki yana da kyau, amma in ya kwantar da ke ciwo, bizar da yake tsoron rasawa ita ma ta shiga haɗari.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, 'yarki. Ki tuna a bakin wa kika fara jin ma'anar kalmar. Yarinya 'yar shekara 9 ta ga mahaifiyarta ta dawo daga aiki ta tambaye ta wata kalma, ta faɗa, ta ga fuskar uwar ta canza. Ta gane an wulaƙanta ki, kuma ta gane a kan me. Bayan haka ta ga kin daina ɗaukar abincin gida. Abin da yaro zai fahimta a nan shi ne miyar nan abin kunya ce, tunda Mama ma ta ɓoye ta. Akwai kuma abin da nake tsoro: wataƙila ita ma an faɗa mata kalmar a makaranta, a kan abincinta ko rigar sanyinta, ta haɗiye ba ta gaya wa kowa ba. Yaron da aka yi wa dariya a waje yakan dawo gida ya jefa wa abin da ya jawo masa dariyar irin maganar da aka jefa masa.

Don haka kafin faɗa, tambaya. Ki same ta ku biyu, kina yi mata kitso ko kuna hanyar kanti, ki tambaye ta a ina ta fi jin kalmar, wa ke faɗa, an taɓa faɗa mata. Ki saurara har ta gama ko da abin da za ta faɗa zai yi miki ciwo. In ya tabbata ana tsokanarta, ki je wurin malamar ajinsu, makarantun ƙasar suna da tsarin magance cin zali tsakanin yara kuma suna rubuta irin wannan ƙorafi. A gida kuma ki riƙa rataye rigunan sanyi da kayan makaranta nesa da kicin, ki rufe ƙofa ki buɗe taga in kina girki, don gidajen can a rufe suke kuma ƙamshin miya yana kama tufafi masu kauri. Bayan kin saurare ta sai ki koya mata iyaka. Tana da damar ta ce ba ta son miyar kuka yau, ko ta fi son taushe, ko a rage mata daddawa, yaran da suka tashi a Kano ma suna da miyar da ba sa so. Abin da ba ta da dama shi ne ta faɗi kalmar ƙyama a kan abin da mahaifiyarta ta girka. Ki karanta mata aya ta 23 a Suratul Isra'i, inda Allah Ya hana a ce wa iyaye ko da "uf", ki bayyana mata cewa ita ma ƙaramar kalma ce ta ƙosawa da ƙyama a bakin Larabawa, irin wadda ta faɗa. Za ta gane, shekarunta sun kai. Babanta yana da gaskiya da ransa ya ɓaci, amma ki roƙe shi ya kira ta ya rarrashe ta, don in abin da ta riƙe game da miyar kuka shi ne tsawa da kwanan yunwa, ƙinta zai ƙaru.

Ki riƙa jawo ta kicin tana kaɗa miya, ki nuna mata hoton kuka da ɗorawa, ki ba ta labarin wadda ta koya miki girkin. Ranar da za ki koma aiki da tuwonki, ki bari ita ta taya ki zubawa a kula, ki gaya mata a ɗakin hutu za ki ci, tare da kowa. In kin yi magana da abokiyar aikin taki, ki ba 'yarki labarin abin da kika ce da yadda kika faɗe shi, don wata rana ita ma za ta buƙaci irin waɗannan kalmomi a filin wasan makaranta. Ki sake rubuto min bayan kun yi maganar, musamman in manaja ya yi biris da ke, sai mu duba yadda za a tsara takardar ƙorafin. Allah Ya dafa miki, Ya shirya mana zuri'a.